Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin da'irar karatunmu ta Katsina: a bar wa littafin nan ƙarshensa

Zuwa ga Malam Shugaba, da Hajiya Ma'aji, da sauran 'yan kwamiti,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya da iyali, da sannu da sanyi, ni ne mai shagon littattafan nan da kuke aiko yara su karɓo maku kwafi duk lokacin da aka zaɓi littafin wata. Rubuta wasiƙa ba aikina ba ne, aikina kaɗe ƙura da ƙirga canji. To amma labari ya iske ni cewa ranar Asabar, bayan na tashi da wuri na tafi jana'izar maƙwabcina, kun tsayar da shawara biyu: za a cire littafin leƙen asirin nan daga jerin karatun bana, kuma za a rubuta wa marubucin takarda a roƙe shi ya sake ƙarshen labarin kafin bugu na biyu. Tunda a gaban jama'a aka yi maganar, bari ni ma in kawo tawa a gaban jama'a. Ba zan kama sunan littafin ba, haka ma na mai shi. Ku kun san shi, kuma yaron nan ya sha magana a makonnin nan, ba na so in ƙara mashi kaya a kan wanda yake ɗauke da shi.

Saboda waɗanda za su ga wasiƙar nan ba su karanta ba, ga labarin a gurguje, kuma su yi mani afuwa don zan fasa masu ƙwai. Tauraron tsohon jami'in farin kaya ne da aka sallama daga aiki ba da girma ba. Yana zaune a ɗakin haya cikin birni, bashi ya yi mashi katutu, matarsa ta koma gidansu. Wata rana tsohon ogansa ya aiko a kira shi, ya ce akwai mai tsegunta wa 'yan daji lokacin da motocin jami'ai ke bin hanyar Jibiya, a nemo shi a asirce. Mutumin ya bi sawu har Magama, ya tsallaka Maraɗi ya dawo, ya yi ta zarya wurin wata bazawara mai safarar atamfa da turare wadda ta fi shi sanin hanya. Ya gano mai kai rahoton wani mai shayi ne a bakin tasha, wanda 'yarsa ke hannun mutanen daji. Sai dai mai shayi ba shi da hanyar sanin jadawalin motoci sai an ba shi, kuma mai ba shi ɗin shi ne ogan da ya sa a yi binciken. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Tauraron ya rubuta rahoto shafi goma sha ɗaya ya miƙa. An sa rahoton a aljihun tebur, an tsinci gawar mai shayi a kwalbati, oga ya sami ƙarin girma, tauraro ya tako da ƙafa ya koma ɗakinsa cikin hazo. Shi ke nan littafin ya ƙare.

Ni na fi kowa cikinku jin abin da masu karatu suka ce, don a gabana ake sauke fushin. Kwafi arba'in na ɗauko, ina ɗari-ɗari, don na san kasuwar littafin takarda yanzu sai addu'a, kowa ya koma karanta labari a WhatsApp da Wattpad. Ba su kai wata ba suka ƙare, na sake aikawa.

Wadda ba zan manta ba wata malamar asibiti ce da ke saye a wurina tun tana 'yar sakandare. Ta shigo da hantsi, ko sallamar kirki ba ta gama ba ta ɗora littafin bisa kanta, ta danne shi da tafin hannu kamar zai gudu. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Baba, tsakani da Allah wannan wane irin littafi ne ka ba ni? Na kwana ban runtsa ba, na je aiki ina gyangyaɗi, sai in iske azzalumi ya ci bulus? Ina rana ɗaya ta mai kaya?" Na jawo aljihun kuɗi na ce, "Ɗiyata, in kuɗinki kike so ga su." Ta ɗauke littafinta da sauri ta tura cikin jaka, ta ce ita ba ta ce a amshe ba. Har ta kai bakin ƙofa ta juyo ta ce, in na biyu ya fito in ajiye mata, kada in sayar wa kowa kafin ta zo. Na ce mata babu na biyu. Ta tsaya jim, sannan ta ce, "Allah ya isa," ta fita. Ku riƙe mani wannan kalma, zan dawo kanta.

Samari kuwa nasu ƙorafin daban. Su sun ga an rubuta leƙen asiri a bango, sai suka zaci za su iske mota na bin mota ana ɓarin wuta, da jarumi mai kwat da agogo mai harbi irin na finafinan James Bond. Suka iske dattijo mai ciwon gwiwa yana jiran mota ta cika a tasha, yana lissafin ko kuɗinsa za su kai shi Jibiya su dawo da shi. Wani ya ce mani littafin ba shi da zafi. Ban yi gardama da shi ba. Shekarunsa ashirin, zafin da ke cikin littafin bai kai gare shi ba tukuna.

Akwai wani tsohon ɗan sanda mai ritaya da ke zama a bencina yana karanta jarida kyauta. Shi da biro ya karanta littafin, ya dawo mani da shi duk ya ja layi. Ya ce yaron ya yi kure wajen jeranta muƙamai, kuma babu jami'in da ya san aikinsa da zai rubuta sunan mai ba shi bayani ɓaro-ɓaro cikin rahoto, laƙabi ake sa mashi. Amma da ya zo wurin da aka karɓi rahoton, aka yi wa tauraro godiya, aka ba shi kuɗin mota cikin ambulan, aka ce ya je za a neme shi, sai ya cire tabarau ya ce, "Wannan yaron wa ya gaya mashi?" Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Malam Shugaba, wanda ya sa na ɗauki biro shi ne maƙwabcin shagona, wani bawan Allah da ya baro ƙauyensu a yankin Batsari da iyalinsa shekarun baya, yanzu yana ɗinkin takalma a gefen rumfata. Ba ya karatun boko. Ɗansa ne ke karanta mashi bayan la'asar idan ciniki ya lafa, ni kuma ina jiyo su. Ran da suka kai babin da mai shayi ke tsaye yana fifita wuta, yana ƙirga motoci da ido, yana zuba wa direbobinsu shayi yana yi masu fatan sauka lafiya, sai na ji ya ce wa yaron, "Tsaya nan." Ya ajiye basilla. Ya daɗe yana kallon titi. Kwana uku ba su koma kan littafin ba. Rana ta huɗu shi da kansa ya ce a ɗauko. Bayan sun gama, na gaya mashi wasu na so a sake ƙarshen, a kama ogan a ɗaure. Ya ce, "Alhaji, a garinmu wanda ya riƙa kai maganarmu daji sahu ɗaya muke sallah da shi, shi ya yi mani rakiya ranar da na je neman aure. Wanda ke sama da shi kuwa har yau ba mu san ko wane ne ba. In yaron nan ya sake ƙarshen, to ya yi mamu ƙarya."

Ban ga yadda za mu zauna a inuwa cikin birni mu yanke cewa labarin ya yi duhu da yawa ba, alhali wanda ya fito daga cikin duhun ya ce haka abin yake.

Na ji an ce a taron wai wannan salo ba namu ba ne, kwaikwayon Turawa ne. Rabin maganar gaskiya ce. Salon yana da suna a can, Faransawa suka raɗa mashi, suna ce mashi nuwar, wato baƙi. A 1945 wata maɗaba'a a Faris mai suna Gallimard ta fara fitar da jerin littattafan aikata laifi masu baƙin bango, yawancinsu fassara daga Amurka da Ingila, daga baya sunan ya bi finafinai masu irin wannan yanayi. Abin da ya haɗa su shi ne mai binciken kansa ba tsarkakakke ba ne, garin da yake ciki ya ruɓe tun daga sama, kuma gano gaskiya ba ya nufin za a yi aiki da ita. Waɗanda suka yi fice a harkar da yawansu sun taɓa aikin da hannunsu. Dashiell Hammett na Amurka ya yi aikin bincike a kamfanin Pinkerton kafin ya koma rubutu. John le Carré na Ingila, wanda sunansa na yanka David Cornwell, ya yi aiki a hukumomin leƙen asirin ƙasarsu guda biyu, MI5 da MI6, kuma littafin da ya fito da shi duniya a 1963 ya fito, shekarar da Kim Philby, babban jami'in leƙen asirin Ingila da ya daɗe yana yi wa Tarayyar Sobiyet aiki, ya sulale daga Beirut ya ɓulla a Mosko. Mutanen da suka ga irin wannan da idonsu ba su iya rubuta labarin da jarumi ke gama aiki ya kaɗe riga ba. Sun san da ɗan gari akan ci gari.

Ragowar rabin maganar kuwa, abin mamaki ne a ji ta daga bakin Katsinawa. Mu fa muka fara. Malam Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, kuma duk wanda ya karanta ya san tauraronsa Alhaji Imam ba waliyyi ba ne, shi da Malam Zurƙe cuta da ramuwar cuta suka yi ta yi tun daga farko. Ba wanda ya ce a cire shi daga makarantu. A 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, labarin fasa-ƙwauri da cin hanci da masu kuɗin da suka fi ƙarfin doka, aka kuma buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda kisa da makamai da mugunta ke cikinsa har wuya. Dukansu biyu ta gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya suka fito. Ina saurayi na karanta su, kuma na tuna manya na lokacin ma sun yi tsaki. Yau ga shi ana rubuta kundin digiri a kansu a jami'o'i. In muka koma baya da haka, wa ya taɓa cewa a gyara Gizo ya zama mutumin kirki kafin a ba yara tatsuniya?

Shi kansa leƙen asirin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun da aka ci Katsina a jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa har suka kafa Maraɗi, inda har gobe sarkin ke amsa sunan Sarkin Katsina, shekaru aka kwashe ana kai wa juna hari, kuma ba a kai hari sai an aika wanda zai gano inda ganuwa ta yi rauni. Wa ake aikawa? Mai talla, da fatake, da almajiri, da ɗan uwa mai zuwa gaisuwa, tunda dangi ɗaya ne ta ko'ina. A zamaninmu kuma, wanda ya yi wayo a 1984 ya ji labarin Alhaji Umaru Dikko da aka sace a ƙofar gidansa a Landan, aka iske shi a sume cikin akwatin katako a filin jirgin Stansted, da likita ɗan Isra'ila a gefensa cikin akwatin. Da marubuci ne ya ƙago wannan, da mun ce ya cika ƙarya. Hukumar da tauraron littafin nan ya yi wa aiki ma ai tana da asali: hukumar tsaron ƙasa ta NSO aka kafa a 1976 bayan kisan Janar Murtala, a 1986 aka rushe ta aka fitar da hukumomi uku daga cikinta, ta cikin gida da ta waje da ta soja. Kuma ba sai na tuna maku 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, babban dalilin kuwa shi ne a toshe hanyar masu kai rahoto daji. Kalmar infoma ta shiga bakin kowa, har tsofaffin da ba su san ko harafi ɗaya na Turanci ba. Yaron nan bai je Landan ya ɗauko jigonsa ba, a tashar mota ya tsince shi. Idan muka huce a kansa, mun bar jaki muna dukan taiki.

Kada ku ɗauka na zo wanke littafin tas. Yana da laifuffukansa, kuma da waɗannan kuka rubuta mashi da ni ma na sa hannu. Inda ya yi aro a fili yake. An ce mani a littattafan can ruwan sama ba ya ɗaukewa, to shi ma sai ya sa ruwa yana zuba a babi na uku, alhali babi na biyu ya gaya mamu ana cikin hunturu, har tauraron yana shafa man kaɗanya a kaushin ƙafa. Ruwa a Katsina cikin Janairu! Bai san hazonmu ya ishe shi ba, wanda ke sa fitilar mota ta zama kamar a-ci-bal-bal tun kafin magariba. Inda ya tsaya a kan hazo da ƙura da ƙaurin itacen mai shayi, nan rubutun ya fi daɗi. Sannan kaɗaicin tauraron ya wuce hankali. Mutum haifaffen birnin nan, ya yi shekara hamsin da wani abu, a ce ba ya da ƙane ko ɗan ɗaki ko abokin wasa da zai leƙo ya ce lafiya kwana biyu ba a gan ka masallaci ba? Wannan Bature ne aka sa wa babbar riga. Bakatsine ko ya so ya ɓuya ba za a bar shi ba, suna da biki da ta'aziyya kaɗai sun isa su tono shi. Da marubucin ya gane, da ya ga cewa wahalar ɗan leƙen asiri a garinmu ita ce rashin wurin ɓuya: kowa ya san ɗan wane ne kai, kowa ya ga inda ka ajiye mashin. Wannan da ya fi ruwan saman aro ban tsoro.

Hajiya Ma'aji, na ji ke kika ɗaga maganar bazawarar, kuma ina bayanki a rabinta. Gaskiya ne duk inda ta fito sai an tsaya an siffanta tafiyarta da ƙamshinta, kamar ba a yarda mace ta iya zama mai haɗari don kaifin hankalinta kaɗai ba. Amma matan da ke saye a wurina sun rabu biyu a kanta. Wasu sun ce an zubar da mutuncin zawarawa. Wasu kuwa, musamman masu sana'ar saro kaya, sun ce ita kaɗai ce mai hankali a littafin: ta san nawa ake bayarwa a kowane shinge, ta san abin da rufe iyaka na 2019 ya yi wa jarinta da yadda ta lallaɓa ta tsira, ta ciyar da 'ya'ya uku ba ta roƙi kowa ba, kuma ita ce ta gaya wa tauraro tun a tsakiyar littafi cewa wanda ya aike ka nemo ɓarawo ka fara duba hannunsa. Bai ji ba. Wata ta ce mani da bazawarar aka ba binciken, da littafin bai wuce shafi talatin ba.

Yanzu maganar darasi, wadda na san ita ce ta fi damun malaminmu na kwamiti, kuma ina girmama damuwarsa don ba ta son rai ba ce. Ya ce littafin da azzalumi ya ci riba a ƙarshensa yana koya wa yara cewa zalunci na biya. Allah gafarta malam, ina roƙon ka koma shafi na biyun ƙarshe. Bayan an yi jana'izar mai shayi, tauraro ya je gaisuwa ya zauna daga bakin zaure, ya kasa shiga. Uwar mamacin, tsohuwa ce da ido ya fara yi mata nauyi, aka gaya mata ga wani ya zo daga birni. Ba ta san shi ba, ba ta san oga ba, ba ta san akwai wani rahoto shafi goma sha ɗaya ba. Ta ce a gaya mashi ta gode, sannan ta ce duk mai hannu a jinin ɗanta, na kusa da na nesa, Allah ya isa. Nan ne marubucin ya rabu da iyayen gidansa na Turai. Su in rahoto ya shiga aljihun tebur magana ta mutu. A wurinmu kuwa, kowane yaro da ya je makarantar allo ya san abin da tsohuwar nan ta yi: ta ɗauke ƙarar daga kotun da aka saye ta kai ta inda ba a saye. Mai karatu Musulmi ba ya rufe littafin yana ganin oga ya tsira. Yana rufe shi ne gabansa na faɗuwa saboda ogan, da kuma tauraron da ya ji kalmar ta haɗa da shi, don shi ya rubuta sunan mai shayi a takarda. Malamar asibitin nan da na ba ku labari, kalmar tsohuwar ce ta fito daga bakinta a ƙofar shagona ba ta ma lura ba. In aka sake ƙarshen aka kawo motar 'yan sanda da jiniya aka tafi da oga da ankwa, mai karatu zai yi ajiyar zuciya ya juya ya yi barci, kuma kalmar tsohuwar ta zama ba ta da aiki.

Abin da ya kamata kwamiti ya ji tsoro wani ne daban, kuma ban ji an ce an taɓo shi a taron ba. Mutane sun fara karanta littafin kamar rahoton hukuma. Sau uku ke nan ana tsayawa a shagona ana tambayata, murya ƙasa-ƙasa, wai mai shayin nan ba wane ba ne na tasha kaza? Wai ogan nan ba wane ba ne da ya yi ritaya shekara kaza? Har na ji wasu samari sun je sun zauna a teburin wani mai shayi suna kallonsa suna ƙus-ƙus suna dariya, bawan Allah yana ta haɗa masu kauri bai san abin da ake ciki ba. Jikina ya yi sanyi. Kun san garin da muke ciki da lokacin da muke ciki. Kalmar infoma in ta manne wa mutum, ba a jiran alƙali. Mutum zai iya rasa ransa a kan zato, kuma an sha ji. Mai shayin littafi marubuci ne ya ƙaga shi da biro, amma na tasha yana da mata da 'ya'ya, kuma da asuba yake fitowa shi kaɗai. Na kori masu tambayar, na ce masu ƙagaggen labari sunansa ƙagagge, amma ni bakina ɗaya ne.

Cire littafin daga jeri ba zai kashe wannan wutar ba, rura ta zai yi. Ranar da aka ji da'ira ta janye shi, ranar za a ce ashe gaskiya ya faɗa shi ya sa aka danne, sai kowa ya bazama neman kwafi yana neman wane da wane a ciki. Ni ciniki zai ƙaru mani, don haka kada a ce don aljihuna nake magana. Abin da ke kashe zato shi ne a zauna a fili a tattauna littafin a matsayin littafi, a ga ɗinkin da ke cikinsa, a ga inda marubuci ya ƙago da inda ya yi kure, har da ruwan samansa na Janairu. Wanda ya ga an kama marubuci da kuren muƙamin ɗan sanda ba zai ƙara ɗaukarsa mai riƙe da asirin gwamnati ba.

Don haka roƙona, a bar littafin a jerin, a ajiye waccan takarda kada a aika. A maimakonta a gayyato yaron ya zo ya zauna a tabarma tare da mu. Malam Shugaba ya buɗe taron da sharaɗi ɗaya, cewa duk wanda ya kama sunan wani mai rai, ko ya yi nuni da shagonsa ko unguwarsa, ya ce shi ne na cikin littafi, a tashe shi daga taron ko wane ne. Hajiya ta gaya mashi abin da ke ranta game da bazawarar ido da ido. Malam ya kawo maganar darasi, a buɗe shafin tsohuwar a karanta da ƙarfi kowa ya ji. Tsohon ɗan sandan nan ya ce zai zo da kwafinsa mai jan layi, kuma na san shi, ba zai raga wa yaron ba.

Na tambayi maƙwabcina mai ɗinkin takalma ko zai zo. Ya ce shi ba ɗan boko ba ne, me zai ce a gaban malamai? Na ce ba sai ya ce komai ba. Ya yi shiru yana ta zare, can ya ce in dai bayan la'asar ne, kuma in ɗansa zai zauna kusa da shi, zai rufe rumfa ya zo, don akwai abu ɗaya da yake so ya tambayi marubucin: 'yar mai shayin nan da ke daji, littafin bai faɗi ko ta dawo ba.

Kwafi bakwai suka rage mani. Zan zo da su ranar Asabar in Allah ya kai mu, wanda bai samu ba ya ara, ya dawo mani da shi ba tare da an naɗe kunnen shafi ba.

Wassalam.

Naku,
Mai shagon littattafai,
Cikin birnin Katsina.